Tsakanin Garwashin Iya Hajo da Gobarar Malam Idi

Dandamisa, ƙasar Makarfi

Babana,

Me ka gani da idonka ranar da rumbun Malam Idi ya ci wuta? Ban tambaye ka abin da ka ji ana faɗa ba, ko abin da ya yi maka daɗi a baki. Idonka, me ya gani?

Ka ga halina ko? Na fara da faɗa ko sallama ban yi ba. To, assalamu alaikum. Ina gaishe ka irin gaisuwar da ban taɓa yi maka da baki ba, don kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa maka, kunya ta taru mini biyu. Allah ya sa wannan takarda ta same ka da sanyin zuciya. Allah ya tsare mini kai a hanyar da za ka kama jibi, ya kai motar Zariya lafiya, ya haɗa ka da abokan kirki a makarantar kwana.

Za ka yi mamaki, gida ɗaya muke kwana amma ina aiko maka wasiƙa ta hannun innarka kamar wanda ke Ikko. Dalili shi ne bakina ya fi hankalina gudu. In na zaunar da kai, kafin in kai tsakiyar magana na ɗaga murya, kai kuma ka sunkuyar da kai ka ce "to, Baba," ka tashi ba ka ji komai ba. Hannuna kuwa bai iya gudu ba. Ba malamin da ya kama shi ya koya masa boko, da kaina na lallaɓa shi a ƙasa da tsinke, har yau in na yi layi biyu sai na tsaya na huta. Shi ya sa na ba shi aikin.

Bari in tuna maka abin da ya faru, ko da yake kana wurin. An kashe wuta, maza na tsaye fuska duk baƙin hayaƙi, dawar shekara ta Malam Idi ta koma toka. Mai unguwa ya ce wa ya ga farkon abin. Ka ratso ta tsakiyar manya ka ce ka ga Iya Hajo, tsohuwar nan mai daddawa, ta ɗebo wuta a gidanmu cikin fasasshen kasko, ta bi ta bayan rumbu, "immediately sai wuta ta tashi." Ka ja kalmar ka buga ta daidai yadda nake yi. Wani ya ce, "Me yaron ya ce?" Ni ubanka na yi dariya na ce, "Cewa ya yi nan take. Ɗan makaranta ne fa, ba ya magana a banza." Wallahi ƙirjina sai da ya cika rigata.

Tun daga ranar ba gidan da ya ƙara ba Iya Hajo wuta. In ta yi sallama da kaskonta sai a ce murhu ya mutu, alhali ga hayaƙi na fita ta kan danga. Mata sun daina sayen daddawarta. Malam Idi ya rantse sai ta bar unguwa ta koma Taba, inda ba ta da kowa sai wani jikan wanta da ko fuskarta bai sani ba. Gobe bayan la'asar mai unguwa zai zauna a kan maganar, kuma shaida ɗaya ce tak, kai.

Jiya innarka na tankaɗe ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Malam, ni fa da hantsi na ba Iya wuta, ko kunu ban sauke ba. Gobara kuwa sai da kuka dawo azahar."

Na daka mata tsawa na ce don me ba ta faɗa ba tun ran nan.

Ta ce, "In faɗa wa wa? Kai da ɗanka kuna Turanci?"

Ban iya cin tuwon ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne na san inda ka samo kalmar nan. A bakina ka tsince ta, kamar yadda ka tsinci tafiyata da yadda nake murza hula in raina ya ɓaci. Don haka zan gaya maka yadda ni na same ta da abin da na yi da ita, ko ka tafi Zariya da saninta duka.

Kana ƙarami akwai wani malamin dabbobi, Malam Yusha'u, mazaunin Ikara, wanda ke zagayen ƙauyukan nan a keke yana duba shanu. Ya taɓa samuna a gindin tsamiya ina fama da wata yagaggiyar takardar Turanci da aka naɗo mini sabulu a ciki. Bai yi mini dariya ba. Da ya dawo sai ga shi da ƙunshin tsofaffin jaridu a bayan keke, da wani ƙamus wanda gara ta cinye masa farko da ƙarshe. Ya ce, "Haruna, ga abin da zai hana ka barci." Ban taɓa biyansa da komai ba sai rake da ruwan randa.

Da na fara ganewa sai na lura masu rubuta jarida na da wasu kalmomi da suke ɗinke abu biyu da su. Immediately. At once. The very same day. Su kawo wannan abu, su kawo wancan, su sa kalmar a tsakiya, sai ka ga sun zama ƙyalle ɗaya, ko ɗinkin ba ka gani. Ba su ce maka wannan ne ya jawo wancan ba. Kai da kanka za ka faɗa, har ka rantse. Abin ya burge ni ƙwarai. Na haddace su na yi ta watsawa a gari, a gona, a wurin matsar rake, har samari suka sa mini suna Atwans. In na shigo gida na ce a kawo abinci at once, innarka ta ce, "Malam Atwans, tuwon nan bai yi makaranta ba, sai ya dahu."

Kada ka ce mu ba mu da irinsu. Muna da su. Muna cewa nan da nan, muna cewa nan take, muna cewa zuwansa ke da wuya. Amma ka gwada faɗin haka a gaban dattawa. Marigayi kakanka in ka ce masa nan da nan, sai ya karkato kai ya ce, "Nan da nan ɗin naka, an yi sallah a tsakani ko ba a yi ba?" Shi ke nan ya farke maka ɗinki. Ta Turanci kuwa ba mai tambayar ta. Mutanenmu na jin ta kamar an buga hatimi. Wanda bai gane ba yana jin kunyar tambaya, wanda ya gane yana so a san ya gane. Wannan ne ƙarfinta a ƙauye irin namu, kuma da ma abin da na so ke nan tun farko, in yi magana ba mai iya mayar mini. Babana, in ka ga kana son wata kalma don kawai tana rufe bakin mutane, ka ji tsoronta.

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai aka zo yi wa shanu allura. Mutane na ɗari-ɗari, ni na bi gida gida ina cewa ku fito da su, Malam Yusha'u ba zai cuce mu ba. Ni na fara jawo nawa, wani baƙin sa da na yi damina uku ina tara guminsa. Kai ba za ka tuna shi ba, amma ka hau bayansa ina riƙe da kai. Aka yi masa allura, ya kaɗa kunne, ya koma aiki. Ya yi ta jan amalanke da rake har kasuwar Makarfi ta ci ta sake zagayowa. Sannan wata rana ya tsinke igiya ya faɗa gefen fadama, inda dawar da aka yanke ta sake tohowa. Ka san gyauro, ka san abin da yake yi wa dabba. Na same shi da ɗanyen ganye a baki, ciki ya kumbura kamar ganga. Kafin a kawo wuƙa ya tafi. Ko naman ba mu ci ba.

Na yi kuka a bayan danga inda ba mai ganina. Da kukan ya ƙare sai fushi ya zauna a wurinsa yana neman wanda zai kama.

Ana nan Baturen dabbobi ya zo rangadi, cikin waɗanda ba su riga sun koma ƙasarsu ba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar dagaci, aka ce mai kuka ya faɗa. Na miƙe. Tafintansa, wani ɗan birni mai agogo, ya dube ni daga ƙafa zuwa hula, ya ce wa Bature wani abu suna murmushi. Na tsinci kalma ɗaya a ciki, mai nufin mutumin daji. Ai sai kaina ya ɗau zafi. Na ce masa, "Matsa can, ba na bukatar bakinka." Na fuskanci Bature na ce masa da Turancina na jarida an yi wa sana allura, immediately ya faɗi ya mutu.

Bature ya ɗago ya ce, "Immediately?"

Na ce, "Immediately, sir."

Jama'a suka ɗau sowa, ba don sun ji abin da na ce ba, don dai ɗansu ya ture tafinta. Malam Yusha'u na tsaye a gefe riƙe da kekensa. Bai musa ba, bai yi rantsuwa ba. Da taro ya watse ya zo zai wuce ta gabana, ya tsaya ya ce a hankali, "Haruna, ashe jaridun sun yi amfani."

Ka duba da kyau, don a nan wayon abin yake. An yi allura, gaskiya ne. Sa ya mutu, gaskiya ne. Da za a kai ni gaban alƙali a ɗauki kowace ɗaya a ce in rantse, sai in rantse. Abin da na sace shi ne kwanakin da ke tsakani, da amalanken da ya ja, da igiyar da ta tsinke, da ganyen da na gani a bakinsa. Duk na tura su ƙarƙashin kalma ɗaya na zauna a kai. Irin wannan ƙarya ta fi ta maƙaryaci sharri, don mai yin ta yana kwana da zaton shi mai gaskiya ne. Duk ranar da za ka ba da labarin abu biyu, ka fara tambayar kanka me ka bari a tsakiya, kuma don me ka bar shi.

Aka ɗauke Malam Yusha'u aka jefa shi wata ƙasa mai nisa. Da hankalina ya dawo na ari keke na tafi Ikara har ƙofar gidan da yake haya. Na sami 'ya'yan wani suna wasa a zaure. Har yau ban san inda yake ba, kuma ƙamus ɗinsa ne a cikin akwatinka, ƙarƙashin bargo.

Wannan bai isa ba. Da shekara ta zagayo aka aiko wani malamin da allura, mutane suka kora shanunsu cikin rake suka ce ba su da ko akuya. Ciwo ya shigo cikin shanu. Ba na son tuna abin da aka yi ta ja zuwa bayan gari. Na bi gida gida, ƙofofin nan dai da na bi da farko, ina cewa jama'a gyauro ne ya kashe sana, allura ba ruwanta. Ka san me suka ce? "An ba Atwans goro ya juya baki." Wani tsoho ya ce mini, "Yaro, ran nan da Turanci ka faɗa, yau kuma da Hausa. Wacce za mu ɗauka?" Na yi zagi, na yi rantsuwa, ba wanda ya fito da sa ɗaya. Maganar da na yi a numfashi guda, ga shi shekaru ina bin ta da gudu ban kamo ta ba. Kai taka ba ta yi nisa ba tukuna, tana nan cikin unguwa. Shi ya sa nake gaggawa.

Saura abu ɗaya, wanda ban taɓa gaya maka ba, innarka ma na hana ta.

Kai ma an taɓa ɗinke ka da wani abu. An haife ka, ba a kai ga suna ba kakanka ya cika. Ana zaman makoki sai wata mata ta ce, yadda kowa zai ji, "Oh, zuwan yaron ke da wuya tsoho ya tafi." Ba ta ƙara komai ba, ba ta kuwa bukatar ƙarawa. Mata suka fara leƙa ka suna ja da baya. Ni kuma, Allah ya yafe mini, ina yaro, zuciyata a ƙone, maganar ta shige ni. Na ƙi shiga ɗakin da kake kwance. Aka ce kunyar ɗan fari ce, na bar su a haka.

Iya Hajo ce ta karɓi haihuwarka, ita ta yanke maka cibiya. Ran nan sai ga ta ta fito da kai a hannu har zaure, cikin maza, abin da mace ba ta yi. Liman na cewa "Hajo, Hajo," ko ta kansa ba ta bi ba. Ta tsaya a kaina ta ce, "Kai Haruna, buɗe kunnenka. Tsohonka tun damina yake kwance, tun cikin nan bai fito ba. Ni na dama masa kunu, na sani. Da tafiya yake so da ya daɗe da tafiya. Jira ya yi ya ji kukan jikansa, ya ji, ya yi hamdala, sannan ya kama hanya. Wace marar kunya ce ta ce yaro ya kore shi?" Ta dangwara mini kai a cinya ta ce, "Riƙe babanka."

Daga ranar nake ce maka Babana. Ka yi zaton don suna ne kawai.

Da ta yi shiru ran nan, da ka tashi a garin nan ana nuna ka da baki, ana janye yara in ka zo wasa. Ita ta buɗe tsakanin haihuwarka da mutuwarsa ta nuna wa mutane damina guda a ciki. Yau ita ce ke yawo da kasko ba mai ba ta wuta, a kan maganarka da dariyata.

Ka fahimce ni, ban ce ka je ka wanke ta ba. Ban san abin da ya ta da gobarar nan ba. Garwashi na iya faɗuwa ya kwanta cikin yayi ya yi ta ci a ɓoye har rana ta take. Yana yiwuwa. Yara kuma na gasa gyaɗa a bayan rumbunan nan kullum, wannan ma yana yiwuwa. Amma zato sunansa zato, a kira shi da sunansa. Malam Idi ya yi asara mai ciwo, yana neman wanda zai kama, na san wannan yunwar don na yi ta. Kada ka zama kai ne mai miƙa masa tsohuwa.

Game da makaranta, kada ka ce ubanka ya tsani Turanci. Ina! Ni da na koye shi a takardar sabulu? Ka koye shi duka, ka fi tafintan nan mai agogo, ka dawo ka gyara mini nawa a gaban kowa, ba zan ji haushi ba, ko na ji zan haɗiye. Amma in malaminku ya zo kan kalmomin nan na gaggawa, ka ɗaga hannu ka ce ya koya muku 'yan'uwansu, yadda ake cewa bayan wani lokaci, da yadda ake cewa ban tabbata ba, da yadda ake cewa ban gani ba. Suna nan cikin ƙamus, ni ne na tsallake su don ba su da daɗin bugawa. Can za ka zauna da yara daga ko'ina, za a sace sabulu, za a fasa fitila, za a ce wa ya gani. Za ka ji harshenka na ƙaiƙayi don kai ka iya tsara magana. A nan nake so ka tuna da kakanka ya karkato kai.

Sauran kuwa ka san su. Kada ka bar sallah. Ka wanke rigarka da kanka, kada ka ba ƙaramin yaro don ka girme shi. Mazarƙwailar da innarka ta ƙulle maka, ka ba na kusa da gadonka kafin ka ci. In an zage ka da ɗan ƙauye, ka ce e, na Dandamisa, ka wuce, kada ka yi irin tawa. In ka yi rashin lafiya ka faɗa, ba jarumta ba ce ɓoyewa. In kewar gida ta kama ka, ka rubuto, ko layi ɗaya ne, zan karanta wa innarka sau goma ina yi kamar ban damu ba.

Allah ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya tsare ka daga zazzaɓi da mugun aboki. Allah ya buɗa maka ƙwaƙwalwa, ya sa wa harshenka linzamin da nawa ya rasa. Allah ya dawo mini da kai lafiya in ga ka fi ni tsawo. Innarka na sa maka albarka, ƙannenka kuma sun riga sun fara faɗa a kan tabarmarka.

Gobe bayan la'asar zan riga ka zuwa ƙofar mai unguwa. Ni zan fara tashi in ce dariyar da na yi ran nan da fassarar da na yi, nawa ne, a ɗora mini. Daga nan zan juyo in tambaye ka, a gaban Malam Idi, a gaban liman, a gaban duk wanda ya ji ka ran gobara. Ba na son amsa a ɗaki, ba na son ta a takarda, kuma ba na son ta da Turanci. Ka tsaya da ƙafarka ka ɗaga murya, don kunnen Iya Hajo ya yi nauyi kuma ina so ta ji da kanta.

Ni ne ubanka Haruna, wanda ake ce wa Atwans, ga kuma tambayar tun yau don ka kwana da ita: Babana, tsakanin wucewar Iya Hajo da kaskonta da tashin hayaƙi, an yi sallah ko ba a yi ba?